John Shaw Billings: Likitan da Wahalar Furojet Ta Sa Ya Share wa Masu Bincike Hanya

Duk ɗalibin da ya shigo shekarar ƙarshe ya san lokacin da muke ciki. An raba taken furojet, an haɗa kowa da malamin da zai duba aikinsa, sai kuma babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, ya tsaya wa mutane a wuya. Yawancin ɗalibai hanya ɗaya suka sani: a buɗe Google Scholar, a zuba taken gaba ɗayansa, a kwashi goma na farko. In wani ya ambaci PubMed ko AGRIS ko ERIC, sai ka ji an ce ai duk kanwar ja ce.

Ni dai ban yarda duk ɗaya ba ne. Maimakon in tsaya doguwar gardama, na ga gara in kawo muku tarihin mutumin da bambancin ya samo asali daga hannunsa. Sunansa John Shaw Billings, likitan sojan Amurka ne, ya rasu shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Abin da ya ja ni zuwa gare shi shi ne, duk aikin da ya yi suna da shi ya faro ne daga wahalar da ya sha wajen rubuta nasa kundin kammala karatu, lokacin bai ma cika shekara 22 ba. Sa'anmu ne ke nan.

Ɗalibi mai neman abin da ba ya samuwa

An haifi Billings ranar 12 ga Afrilu, 1838, a karkarar jihar Indiyana. Tun yana yaro mayen karatu ne, duk littafin da ya faɗo hannunsa sai ya ga bayansa. Ya shiga Jami'ar Miami da ke jihar Ohayo, ya gama a 1857, daga nan ya wuce kwalejin koyon aikin likita da ke birnin Sinsinati. Ba ɗan masu hali ba ne. Da aikin kula da ɗakin da ake feɗe gawa don koyarwa ya riƙa tallafa wa kansa, abincinsa ma a ƙididdige yake.

Da lokacin rubuta kundi ya zo, sai ya zaɓi ya yi a kan yadda ake yi wa masu farfaɗiya magani ta hanyar tiyata. Yana so ya san sau nawa aka taɓa yin irin wannan aiki, su wa suka yi, kuma me ya faru da marasa lafiyar. Tambaya ce mai sauƙin faɗi. Amsarta kuwa a warwatse take cikin ɗaruruwan mujallun likitoci na ƙasashe daban-daban, kowace da nata fihirisi, wasu ma ba su da shi sam. Wata shida ya yi yana haƙilo. Ya tone laburaren Sinsinati kaf, neman ya kai har Filadelfiya da Niyok, amma bai samu duk abin da yake buƙata ba.

Ya gama a 1860, ya zama likita, amma abin bai bar ransa ba. Darasi uku ya fita da su. Na farko, bin mujalladi dubu ɗaya bayan ɗaya don neman magana guda aiki ne mai cinye rayuwa, kuma fihirisan da ke bayan littattafai ba abin dogaro ba ne. Na biyu, rubuce-rubucen likitanci da ke duniya sun riga sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Na uku, a duk faɗin Amurka babu laburare ko ɗaya da ɗalibi zai shiga ya tarar da mafi yawan abin da aka rubuta a kan matsalar da yake bincike. Ku lura, ilimin yana nan a rubuce. Hanyar isa gare shi ce babu.

Daga fagen fama zuwa ɗakin littattafai

A 1861 yaƙin basasar Amurka ya ɓarke. Billings ya shiga rundunar Arewa a matsayin likitan tiyata, kuma a 1862 ya auri Katharine Stevens. Yana wurin a manyan gumurzu biyu na 1863, na Chancellorsville da na Gettysburg, inda ya yi ta yanka da ɗinki dare da rana a asibitocin wucin gadi. A ƙarshen 1864 aka mayar da shi ofishin Babban Likitan Soja a Washinton, ya koma aikin takardu da lissafi.

A ofishin akwai wani ɗan laburare mai littattafai wajen dubu biyu, wanda ba wanda ya damu da shi sosai. A 1865 aka damƙa masa shi a kan sauran ayyukansa. Wani zai ɗauki abin a matsayin ƙarin kaya. Shi kuwa sai ya tuna wata shidan nan nasa.

Shekara talatin ya yi yana tara littattafai. Ya yi amfani da ragowar kuɗin asibitocin yaƙi da aka rufe, ya yi ta aika wasiƙu ga likitoci a ciki da wajen ƙasa yana roƙon tsofaffin mujallu, ya yi musayar waɗanda yake da kwafi biyu, ya sa jami'an jakadancin Amurka su nemo masa na ƙasashen da suke. Shahararren likita kuma marubuci Oliver Wendell Holmes har tsokanarsa yake yi cewa haɗari ne a bar shi ya shiga ɗakin littattafan mutum, don da kallo ɗaya yake gano mafi daraja a ciki.

Wani abin mamaki, inda aka ajiye laburaren na kusan shekara ashirin shi ne gidan wasan kwaikwayo na Ford, wurin da aka harbe Shugaba Abraham Lincoln a watan Afrilun 1865. Ginin ba shi da ƙwari, ga tsoron gobara. Billings ya yi ta matsa wa majalisa lamba har aka gina sabon wuri, aka kwashe littattafan a 1887. Shekara shida bayan haka, a 1893, benayen tsohon ginin suka rufta, ma'aikata 22 suka mutu. Lokacin da ya bar aikin soja a 1895, laburaren ya haura littattafai dubu 100, ban da ƙananan ƙasidu kusan dubu 200, ya shiga sahun mafi girma a duniya a fannin likitanci.

Kwandon mujallu da katuna

To, a nan ne ainihin labarin yake. Billings ya gane cewa tara littattafai rabin aiki ne. In ka jibge mujallu dubu hamsin a ɗaki ba tare da hanyar gano abin da ke cikinsu ba, ka dai mayar da wahalar ɗalibi wuri ɗaya ne kawai.

Ga yadda ya yi. Da yamma akan kai masa kwanduna cike da mujallu gidansa. Sai ya zauna da fensir yana bin su shafi-shafi, yana sa alama a kan kowace maƙalar da ta cancanci shiga fihirisi. Washegari magatakarda su kwafe sunan marubuci da take da shafi a kan kati, kowace maƙala da katinta. Daga nan katin ya dawo hannunsa ko hannun abokin aikinsa, Dokta Robert Fletcher, haifaffen Ingila, su rubuta masa kan maganar da ya dace da shi. Haka suka yi shekara da shekaru.

Matakai biyu ne a nan, kuma ina so ku riƙe su, don su ne ƙashin bayan duk wani rumbun bayanai na fanni har gobe. Na farko tacewa: wanda ya san fannin ne ke yanke hukuncin abin da zai shiga da abin da za a bari. Na biyu laƙaba kan magana: ko da wane suna marubuci ya kira cuta, ko da Jamusanci ko Faransanci ya yi rubutun, katinsa zai je ƙarƙashin kai guda tare da 'yan'uwansa. Mai neman farfaɗiya ba sai ya san duk sunayen da aka taɓa kiranta da su ba. Ya buɗe wuri ɗaya, ya tarar da su a jere.

Daga waɗannan katuna aka fitar da abubuwa biyu. Babban shi ne Index-Catalogue, kundin duk abin da laburaren ya mallaka, an jera marubuta da batutuwa bisa haruffa. Mujalladi na farko ya fito a 1880, na sha shida kuma na ƙarshe a jerin farko ya fito a 1895, kuma maƙalun mujallu da ke ciki sun haura rabin miliyan. Sai dai yana da matsala guda. Tunda bin haruffa ake yi, maƙalar da ta fito a 1881 a kan batun da ya fara da harafin farko sai ta jira a zagayo, shekara goma sha biyar ke nan. Maganin wannan shi ne na biyun, Index Medicus, wanda Billings da Fletcher suka fara fitarwa a Janairun 1879, wata-wata, ɗauke da sababbin rubuce-rubuce a rarrabe bisa batu.

Index Medicus bai taɓa zama hanyar samun kuɗi ba. Masu buga shi sun yi ta asara, har ya tsaya a 1899, sai a 1903 Cibiyar Carnegie ta farfaɗo da shi. Amma likitoci sun san darajarsa. William Welch, ɗaya daga cikin manyan malaman likitanci na wancan zamani, yana ganin laburaren nan da fihirisinsa su ne babbar gudummawar da Amurka ta ba ilimin likitanci.

Mutum ɗaya, aikin mutum goma

Kada ku ɗauka katuna kaɗai ya sani. A 1875 aka nemi likitoci biyar su kawo tsarin yadda za a gina Asibitin Johns Hopkins a Baltimo, nasa aka ɗauka. Asibitin ya buɗe a 1889, kuma yana da hannu wajen jawo Welch da William Osler su zo aiki a can.

Ya kuma kula da ɓangaren haihuwa da mutuwa a ƙidayar jama'ar Amurka ta 1880 da ta 1890. A wurin wannan aiki ne ya ba wani matashin injiniya, Herman Hollerith, shawarar cewa ya kamata a samu na'urar da za ta riƙa ƙirga bayanai daga katuna masu huda. Hollerith ya ƙera ta, aka yi aiki da ita a ƙidayar 1890, kuma kamfaninsa na cikin waɗanda suka haɗu suka zama abin da aka sa wa suna IBM a 1924. 'Yan sashen kwamfuta, kun ga ku ma kuna da gado a wurinsa.

Bayan ya yi ritaya daga soja ya ɗan koyar a Jami'ar Fensilbeniya, sai a 1896 aka naɗa shi shugaban farko na Laburaren Jama'a na Niyok, wanda aka kafa ta hanyar haɗe laburaren Astor da na Lenox da dukiyar da Tilden ya bari. Shi ya zana fasalin babban ginin: ɗakin karatu a can sama inda haske da iska suke, rumbun littattafai a ƙarƙashinsa. A zamaninsa ne Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 5.2 a 1901 don gina rassa a unguwannin birnin. An buɗe babban ginin a watan Mayun 1911. Matarsa ta rasu a 1912, shi kuma ya bi ta ranar 11 ga Maris, 1913, yana da shekara 74. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Abin lura a nan, mutumin da ya gina laburaren fanni guda shi ne kuma ya gina laburaren kowa da kowa, inda mai neman tarihi da mai neman girke-girke ke shiga ta ƙofa ɗaya. Bai ɗauki ɗaya kishiyar ɗaya ba. Ya san kowanne da tambayar da yake amsawa.

Inda katunan suka kai

Laburaren nasa shi ne ya zama Babban Laburaren Likitanci na Amurka a 1956. A 1960 aka fito da MeSH, jerin kanun batutuwa da aka amince da su, jikan waɗanda shi da Fletcher suke rubutawa da hannu. A 1964 aka ɗora aikin a kan kwamfuta, a 1971 MEDLINE ya fara aiki, a 1997 kuma aka buɗe PubMed kyauta ga duk mai intanet. Yau yana ɗauke da bayanan maƙalu sama da miliyan 35. Index Medicus na takarda ya daina fitowa a ƙarshen 2004. A watan Nuwamban shekarar ne kuma Google Scholar ya bayyana.

Su biyun ba iri ɗaya suke aiki ba. Google Scholar na'ura ce ke yawo a intanet tana kwaso duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi: maƙala, kundin digiri, littafi, takardar taro. Ba ya bayyana jerin mujallun da yake ɗauka, ba ya laƙaba kan magana, kuma yawan ambaton da aka yi wa maƙala na da nauyi sosai wajen wadda zai sa a sama. Shi ya sa tsofaffin da suka yi suna ke yawan danne sababbi. Ko ya ce maka ya samo sakamako dubu tamanin, dubu ɗaya na farko kaɗai zai nuna maka. Mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga komai ba tare da masana sun duba ba, su ma suna samun shiga.

MEDLINE kuwa yana nan kan matakan nan biyu na Billings. Kwamitin masana ne ke duba mujalla kafin a karɓe ta, kuma waɗanda ake bi sun ɗan haura dubu biyar. Kowace maƙala ana liƙa mata kanun MeSH, duk da cewa yanzu na'ura ce ke yin mafi yawan liƙawar, mutane na dubawa.

Bari in ba da misali da gyaɗa. Ɗalibin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ko na aikin gona da ke bincike a kan gubar afalatoksin zai rubuta groundnut, don haka muka saba kiranta da Turanci. Ba'amurke peanut yake cewa, masanin tsirrai kuma Arachis hypogaea. A injin da ke bin kalma, sunan da ka rubuta shi ke jan abin da za ka gani, kuma ba abin da zai gaya maka me ya wuce ka. A rumbun da ke da tsararrun kanun batutuwa, kamar AGROVOC na AGRIS ko MeSH na PubMed, an riga an ɗaure sunayen wuri guda. Wahalar da Billings ya sha a kan farfaɗiya ke nan, da maganin da ya yi mata.

Sai dai tacewa ma tana da nata farashi. Duk inda aka ce wani ne ke zaɓa, to akwai abin da zai bari a waje. Mujallun Afirka da yawa ba sa cikin MEDLINE, haka kundayen digiri na jami'o'inmu. Wanda ke neman binciken da aka yi a kan ruwan rijiya a wata ƙaramar hukuma tamu zai fi dacewa a Google Scholar, ko a AJOL mai tattara mujallun Afirka, ko a African Index Medicus na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ko a sunansa kun ji gadon Billings.

Ni ga yadda nake ganin ya kamata a raba musu aiki. In kana farkon tafiya, ba ka ma san kalmomin da masana ke amfani da su ba, ko batunka ya ratsa fannoni biyu ko uku, ko kana da taken wata maƙala kana neman kwafinta, ko kana son ganin su wa suka ambace ta daga baya, to Google Scholar ne abokin tafiya. Kamar shiga babbar kasuwa ne, ka zaga ka ga abin da ake yayi. In kuwa tambayarka ta tsaya da ƙafarta, kana son ka iya gaya wa malami ga inda na duba, ga kalmomin da na sa, ga adadin da na samu, kuma wani ya bi sawunka ya samu kusan abin da ka samu, sai ka nufi rumbun fanninka. Mai sayen hatsi da buhu-buhu Dawanau yake zuwa.

Rumbunan kuwa suna nan, wasu ko sisi ba a biya. PubMed na lafiya da kimiyyar halittu ne. AGRIS na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ne. ERIC na fannin ilimi da koyarwa ne. Duka ukun bincike a cikinsu kyauta ne. 'Yan injiniyan lantarki da kwamfuta suna da IEEE Xplore, wanda ake ganin taƙaitaccen bayanin maƙala kyauta, cikakkiyar kuma galibi sai da rajista. Akwai kuma shirin Research4Life, mai ɗauke da Hinari na lafiya da AGORA na noma, wanda ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallu masu tsada. Ku je ku tambayi ma'aikatan laburare waɗanne makaranta ke da rajista da su. Matambayi ba ya ɓata.

Billings ya yi wata shida yana neman abin da yau za mu iya samu kafin a tashi daga lacca ɗaya. Ya ba da shekara talatin na rayuwarsa don kada ɗalibin da zai zo bayansa ya maimaita wannan wahala. Kafin ka miƙa babi na biyu, ɗauki tambayarka ka sa ta a Google Scholar, ka sake sa ta a rumbun fanninka, ka ajiye sakamakon biyu gefe da gefe, sannan ka ƙirga maƙalu nawa ne suka fito a ɗaya ba su fito a ɗayan ba.